Wejin Malam Ashafa

Ƙofar shagon kayan masarufi na Hajiya Ladi da ke Sharada taurin kai gare ta. Ko yaya aka buɗe ta sai ta komo ta rufe, kuma Sagir, mai tsaron shagon, shi ke shan faɗa kullum.

Wata safiya motar taliya ta zo daga kamfani. Direban, Malam Ashafa, ya tsayar da ita a gangaren bakin shagon, ya tsallaka shan shayi. Sagir na bayanta yana sauke katan-katan sai ta sulalo, ba kowa a ciki, ta matse shi da bango. Ƙafarsa ta dama ta karye gida biyu.

Ashafa ya rantse har muryarsa ta dishe. Ya yarda birkin hannu ya daɗe da mutuwa, amma bai taɓa sauka bai tokare taya da weji ba, wani guntun katako da ya shafa wa jan fenti don kada ya ɓace. Aka leƙa ƙarƙashin mota, babu weji. Kamfani ya karɓe makulli, 'yan sanda suka tsare shi, ga iyali a Zawaciki suna jira.

Aina'u, matar Sagir, ta gaji. Ta gaji da zarya daga Dorayi zuwa asibiti, ta kuma gaji da mijin nata. Duk mai dubiya sai ya la'anci direban, Sagir kuwa sai ya juya fuska bango.

"A sake shi," ya ce mata. "Don Allah ki bar maganar."

Mutane suka yaba haƙurinsa. Ita sakarci ta gani, ta ce sai ta ga Ashafa a gaban alƙali.

Ranar da ta je shagon ɗauko takalman Sagir, ta tarar da ƙofar a wangale. Bashir, abokin aikinsa, ya miƙo mata leda, ya ga tana kallon ƙasa.

"Ai dabarar maigidanki ce," ya ce. "Da safen da abin ya faru ya tsinto mana shi. Tun ranar ba ta sake rufewa ba."

A gindin ƙofar, wani guntun katako ne mai jan fenti, da sawun taya a jikinsa.