Gwanar Ɓuya

Ƙararrawar gwaji na kaɗawa na kashe fitila, na kulle ƙofa, na kora 'yan ajina na biyu lungun bayan kantar littattafai. Kowane zango sai mun gwada yadda za a ɓuya in ɗan bindiga ya shigo makaranta.

Yaro dai yaro ne. Wyatt ya saki tusa, aji ya kwashe da dariya. Na ce, "Kai Wyatt, da yau da gaske ne, ai ka gama da mu!"

Tessa kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta cire takalmanta, ta rungume gwiwoyinta, ta raɗa wa ta kusa da ita, "Yi numfashi ta baki, na hanci ana ji."

'Yar shekara bakwai fa! Da aka gama na liƙa mata tauraron yabo a riga.

Na ce, "Yau sai na ba babanki labari." Baban nata, Mista Pruitt, shi ne shugaban ƙungiyar iyaye, shi ke gasa mana nama duk ranar bikin makaranta. "Shi ya koya miki, ko?"

"Mama ce."

"To, zai ji daɗi kuwa."

Ta ɓamɓare tauraron ta miƙo mini.

"Don Allah Malama, kar ki faɗa masa na iya ɓuya. Shi a zatonsa, duk ranar da yake dukan Mama ba na gida."