Motar Gawayin Baban Jummai

Samarin Barkin Sale turare suke kai wa budurwa toshi, amma Mika'ilu, gogan naku ɗan jami'a, dashen ɗorawa ya rungumo. Jummai ko kallo.

"An ce gobe za ka ja ɗalibai ku tare motar gawayi a hanyar Beji."

"Ana ƙarar da itatuwa, Jummai. Damina ma ta fara rowa."

"Motar Babana ce. Kuma jibi manyanka za su zo neman aurena. Malam, za ka fasa?"

Bawan Allah ya ce, "Ni na tara su, ni zan tsaya gaba."

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"To, ka sa riga mai kauri," ta ce. "Baba ba ya rabo da dorina."