Duniyar Farfesa Tazruti

Farfesa Tazruti ya ja jan biro a kan sunan Dakta Ghizlan, ya sake ja, don kada mai buga takarda ya ɗauka kuskure ne. Suna ɗaya ya rage a saman rahoton, kuma shi ne sunan da ya fi ƙauna a duniya.

Shekara talatin yana shugabantar 'yar cibiyar nazarin taurarin nan ta gindin duwatsun Atlas, bai gano ko tsakuwa a sama ba. Abin da ya ƙware a kai shi ne doka. Duk taron da ya je Turai sai ya dawo da sabuwa, ya buga mata hatimi, kafin kuskus ɗin Juma'a ya manta da ita. Yau ya hana shan shayi kusa da na'ura, gobe ya ɗana wa ɗalibai tarko don ya kama malalata. Yanzu saura wata guda ya yi ritaya, kuma tsoronsa ɗaya ne: ya tafi ba abin da za a tuna shi da shi sai hatimi.

Sai ga Ghizlan da zanen hasken wani tauraro a hannu. Aikin nasu ba sihiri ba ne: a tsura wa tauraro ido wata da watanni, in haskensa ya ɗan dushe ya dawo, ya kuma dushe a kan ƙa'ida, to wata duniya ce ke gilmawa ta gabansa, zurfin dushewar kuma shi ke faɗin girmanta. Wannan tana gilmawa duk kwana shida da awa goma, ta ɗara tamu da kwata kacal. Irin ƙananan nan da manyan ƙasashe ke wahalar nema.

Farfesa na jin lambobin sai daɗi ya lulluɓe shi. Wallahi ji ya yi kamar ya daɗe da sanin su. Ya ce a ransa, haka baiwa take.

"Ustaz, zanen ya yi kyau da yawa," in ji Ghizlan. "Sama ba ta da tsabta haka. Lambobi kawai Si Lahsan mai kula da na'ura ke turo mana. Ka ba ni mota in hau dutse in duba hotunan asali, mako biyu kawai."

"Mota na jigilar kujerun taron sanarwa, 'yata. Ke dai ba ki taɓa ganin alheri kin bar shi ya zauna lafiya ba."

"To ni ba zan sa hannu ba sai na duba."

"Madalla, kin hutar da ni." A nan ya ɗauki jan biron.

Da yamma ya buga wa Si Lahsan waya, tsohon da ke kula da na'urar hangen nesa a kan dutse, mutumin da in ka ce masa ya tsare ƙofa, to sai ka dawo da kanka zai matsa. Ya yi masa albishir.

"Kwana shida da awa goma ka ce, Ustaz? Kuma an riga an tsai da ranar sanarwa?" in ji tsohon. "To in zo da saƙon nan ke nan?"

"Zo da duk abin da za ka zo da shi, amma ka sa jallabiya mai tsabta."

Ranar Alhamis zaure ya cika. An shimfiɗa dardumar aro, shayi mai na'ana'a na zagayawa, 'yan jarida sun kafa na'urorinsu, har gwamnan lardi ya turo wakili. Farfesa ya cire tabarau saboda yana tsufar da shi a hoto. Ya yi awa guda yana bayanin sanyin da ya sha a kan dutsen da rabonsa da shi shekara bakwai. Da aka tambaye shi wa ya taimaka masa, sai ya ce Allah. Da aka tambayi yadda ya ji, ya dafa ƙirji ya ce tun kafin ya gan ta ya san ta, kamar shi ya haife ta. Aka yi ta tafi. Ghizlan na can kujerar ƙarshe, kusa da masu zuba shayi.

Tafin bai gama lafawa ba Si Lahsan ya ratso tsakiyar zaure cikin farar jallabiya, ya miƙa masa wata ambulan da ta fara jirkicewa don ajiya.

"An ce a karanta a gaban jama'a, Ustaz. Haka aka umarce ni."

Farfesa ya yi murmushi. Takardar yabo ce mana, me kuma? Ya laluba aljihu, ba tabarau. Sai ya hango Ghizlan, ya yafito ta.

"Zo ki karanta, 'yata. Ko ba komai yau a ji muryarki."

Ta hau, ta buɗe, ta duba. Ta ɗago ta kalle shi sau ɗaya, ya gyaɗa mata kai alamar ta yi sauri. Ta matso da bakinta kusa da makirfo, ta karanta dalla-dalla yadda na ƙarshen zaure zai ji:

"Zuwa ga Si Lahsan, a asirce. Ka dasa duniyar ƙarya a cikin lambobin da kake turowa: kwana shida da awa goma, girma ɗaya da kwata. Kada ka faɗa wa kowa, ko ni. Ranar da wani jaki ya sanar da ita bai duba hotunan asali ba, ka kawo takardar nan a karanta a gaban jama'a, a kore shi nan take. Sa hannu da hatimi, Farfesa Tazruti."