Ladan Mai Allura

"Kwanta, Baba," in ji nas ɗin, yana zuƙo magani cikin sirinji.

Dattijon ya kwanta rubda ciki, ya sassauta wando. "Ɗana, a hankali don Allah. Ni da allura ba ma shiri."

Nas ya goga masa auduga yana danne dariya. Shekaru yana kwasar amai da fitsari, ba mai ce masa sannu, har yana tambayar kansa ina ladan wannan aiki. Ashe yau ladan zai kawo kansa har kan gado.

Ya sunkuya ya raɗa wa tsohon malaminsa na firamare, sarkin bulala: "Malam, dokarka ce. In ka motsa, mu sake daga farko."