Mai Sayen Ƙashin Akrantiye

"Ruwaida, ga mijinki na ƙashi ya iso!" in ji Anti Hajo, har masu tumatir suka juyo.

Na sunkuyar da kai. Wata biyar ke nan Nasrullah yana zuwa teburinmu na naman daji a unguwar Asawase da 'yar kular ƙanƙara. Ba ya sayen tsoka, sai ɗanyen ƙashin cinyar akrantiye, wato gyazbi. Wai a jami'a suna ciro ƙwayoyin halitta daga ɓargon, su rene su, su ga ko za su rikiɗe su zama ƙashi ko kitse.

Na riga na gaya wa zuciyata: ɓargo yake so, ba ni ba. Ran da aikin ya ƙare, ba zan sake ganinsa ba.

Ina naɗe masa ƙashin, sai wata abokiyar aikinsa ta sauko daga trotro, motar haya.

"Ei, Nasrullah! Ba tun kafin azumi muka gama gwajin ba?"

Ga shi saura kwana uku Babbar Sallah.

Anti ta riƙe ƙugu. "To, ƙasusuwan fa?"

Ya saci kallona, ya sosa ƙeya. "Karen maƙwabcinmu dai ya yi ƙiba, Anti."