Makunnin da Ke Kusa da Silin

Yanzu babu kowa a kujerar da ke fuskantar ƙofar falo. Inna ta rasu, masu ta'aziyya sun watse. Amma har yau idan Auta ya buɗe wayarsa, kyamara na nuna masa kujerar tar, da sandar Inna mai baƙar roba a gindi, jingine a gefe.

Shi ya saka kyamarorin da hannunsa, don sana'arsa ce. Bayan Inna ta zame a banɗaki ne Yaya, babbar 'yarta da ke aure a wani gari, ta kira shi da faɗa: "Kana saka wa shagunan mutane ido, uwarka ko ɗaya babu?" Ya saka a falo, ya saka a tsakar gida, ya saka a bakin ƙofa. Na'urar da ke haɗa su da intanet kuwa ya kafa ta da makunninta a lungun da ke tsakanin kicin da ɗaki, can kusa da silin, inda hannun tsoho ba zai kai ba. Babu kyamarar da ke hango lungun.

"To, yau na shiga aljihun Auta," in ji Inna. "Sai ka riƙa ciro ni kana gaishe ni."

Da farko komai lafiya. Can sai kyamarorin suka fara ɗaukewa. Yana kan tsani a wajen aiki, sai ya duba ya ga hotunan duka sun yi baƙi. Ya kira Inna, wayarta na ƙarƙashin filo kamar kullum. Nan take ya hau babur ya ratsa gari. Kafin ya gama kafe babur a ƙofar gida, hotuna sun dawo. Ya tarar da ita garau, shayi na kan wuta, har da kofi biyu.

"Tunda ka zo, zauna mana. Kyamarar ba guduwa za ta yi ba."

Abin ya zame masa ƙarfen ƙafa. Ya canza kebul. Ya canza na'urar ɗungurungum. Ya zagi kamfanin intanet, daga baya ya ba su haƙuri, don ya gano wuta ce ke yankewa daga na'urar, alhali maƙwabta sun ce ba a ɗauke ba. Da ya hau tsani ya ga baƙin tabo a jikin makunnin, sai ya ce yauwa, tartsatsi yake yi. Ya sa sabo fil. Ba a jima ba shi ma ya yi tabo.

Sai zarginsa ya koma kan mai aiki, matar da ke zuwa shara da girki. Ya ce ita ke hawa kujera ta kashe don kada a ga abin da take yi. Matar ta yi ta rantsuwa har da hawaye. Inna ta daka masa tsawa: "Kul! Kada ka ɗauki alhakin baiwar Allah." 

Ranar ya yi aikin da yake alfahari da shi. Ya cire makunnin gaba ɗaya, ya haɗa wutar kai tsaye da batir, ya rufe komai cikin farin akwatin ƙarfe, ya garƙame da kwaɗo.

"Yanzu ba za ta ƙara lalacewa ba?" in ji Inna.

"Har abada, Inna."

Ta jima tana juya cokali a kofi. "To, Allah Ya yi maka albarka."

Kuma kyamarar ba ta ƙara lalacewa ba. Auta ya samu kansa, aiki ya buɗe. Yakan gaishe ta ta lasifikar kyamara, ta ɗago kai ta ce, "Yaushe za ka leƙo?" ya ce, "Gobe, in Allah Ya yarda." Goben ta yi ta haihuwar wata goben. Me zai kai shi, tunda ga ta a tafin hannunsa? Yakan ma gan ta ta miƙe da sanda ta shiga lungu, ta jima, ta dawo tana haki ta zauna tana kallon ƙofa. Har ya kira Yaya yana murna: "Inna fa ta fara motsa jiki."

Ranar da ta cika, ya duba da hantsi ya gan ta a kujera kanta a langaɓe. Ya ce gyangyaɗi take, ya mayar da waya aljihu. Mai aikin da ya zarga ce ta kira shi tana kuka. Tun daga ranar yake zargin kansa, a zatonsa laifinsa ya tsaya a wannan kallo ɗaya.

Da Yaya ta ce a kwashe kayan gidan, ya zo cire kyamarori. Ya kafa tsani a lungu, ya ciro mabuɗin kwaɗo, sai hannunsa ya tsaya. Murfin farin akwatin ya cika da baƙin tabo, wani kan wani, daidai inda makunnin yake a da. Tartsatsi ba ya fitowa ta cikin rufaffen ƙarfe.

Ya sauko a hankali, ya ɗauko sandar daga gefen kujera, ya ɗaga ta sama. Bakin robar ya zauna cif a kan tabon.

Jama'a, ku taya shi roƙo, don shi har yau bakinsa ya kasa: Allah Ya jiƙan tsohuwar da ta iya kiran ɗanta da makunni, Ya kuma yafe wa ɗan da ya sa wa kiran kwaɗo ya bar ta tana ta ƙwanƙwasawa. Amin.