Rahoton Da Ba Shi Da Suna

Pak Harjono, mutumin minista, ya jefa rahoton a kan teburin Farfesa Ningrum, har shayinta ya fantsama.

Rahoto ne da aka tura wa 'yan jarida ba suna, ba sa hannu. Ya ce madatsar ruwan da gwamnati ke ginawa a tsakiyar tsibirin Java tana zaune kan tsagaggiyar ƙasa, kuma ƙauyuka tara ne a ƙarƙashinta. Ga zaɓe saura wata uku, minista ya riga ya ɗinka rigar buɗe madatsa.

"Ke ce babba a ilimin ƙasa, Farfesa," in ji Pak Harjono. "Layi biyu kawai za ki rubuta: shirme ne."

"In kuma ba shirme ba ne fa, ranka ya daɗe?"

Ya yi murmushi, ya ɗauki soyayyar ayabarta ba tare da an yi masa tayi ba. "To, ɗakin bincikenki ya ci kuɗin gwamnati ya isa. Mutum goma sha huɗu ne a ƙarƙashinki, ko?"

Kai, rainin hankali! Mutumin da bai san dutse daga bulo ba, shi ke gaya wa ƙasa inda za ta tsage. Ranta ya ɓaci. Amma cikin sha huɗun nan akwai mai ciki, akwai mai jinyar uwa.

"Awon da ke shafi na arba'in daidai ne," ta ce, rahoton na rufe a gabanta.

"Ban tambaye ki daidai ba. Me za ki ce kan marubucin?"

"Matsoraci ne!" Ta buga tebur. "Wanda ya san mutane za su mutu, ya tsaya ɓoye sunansa don kada a taɓa masa tukunya, wallahi bai cancanci a kira shi masani ba. Tir da shi!"

Pak Harjono ya ji daɗi ƙwarai. "Yawwa, Farfesa! Haka nake so."

Ya miƙo biro. Ta rubuta layi biyun, ta sa hannu, ya ninke takardar ya fita yana fito.

Ta daɗe tana kallon bangon rahoton, wurin da ya kamata suna ya zauna. Shekara shida ta yi tana rubuta rahoton nan.